Ƙarin RAM Ko SSD: Wanne Tsohuwar Kwamfutarka Ta Fi Buƙata?

Masu zane sun sha tambayata: manhajar zane ta CorelDRAW na maƙalewa a tsohuwar kwamfuta, RAM za a ƙara ko SSD za a saka? RAM shi ne ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, SSD kuwa ma'ajiyar fayiloli ce mai sauri da ke maye gurbin tsohon faifai (hard disk).

Dukansu sun fi sabuwar kwamfuta araha. Saka RAM aikin mintuna ne, sai dai a duba irinsa tukuna, don RAM irin DDR3 ba ya shiga gurbin irin DDR4. SSD kuwa sai an kwashe ayyukan kwastomomi an sake ɗora Windows ko an kwafe tsohon faifan gaba ɗaya zuwa kansa, kada a yi sakaci nan. Amma ko kwamfutar ta mutu, ana iya cire SSD ɗin a mayar da shi wata.

Mai RAM 4GB da ke zana manyan banoni, ya fara da RAM. Mai 8GB da ke zaman jiran fayil ya buɗe, SSD ya dace da shi.