Wasiƙa daga Alƙahira: Ranar da Muka Fara Shiga Aji

Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali baki ɗaya, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na yi muku na bayyana yadda guzurin da kuka haɗa mini yake tafiya. Na ga ya fi sauƙi in bi muku ranar da muka fara shiga aji daki-daki, domin a cikinta na taɓa kusan duk abin da ɗalibi yake kashe wa kuɗi a garin nan.

Ranar Lahadi ce, wadda a nan ranar aiki ce kamar Litinin a wajenmu. Muna zaune mu biyar a wani gida a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, unguwar da ɗaliban Afirka da na Asiya suka yi wa yawa saboda hayarta da ɗan dama-dama. Da asuba na murɗa famfo a hawa na huɗu ruwa ya zubo, na yi wanka ba tare da na leƙa titi neman ɗan garuwa ba, na kuma goge rigata da dutsen guga na lantarki. Wutar ta kati ce, muna haɗa kuɗi mu saya, kuma tun zuwana ban kwana da ƙarar janareta ba. Waɗanda na tarar sun ce kada in cika baki, domin a 2023 da farkon 2024 an riƙa ɗauke wuta bi da bi na wasu awoyi a kullum, sai dai ko a lokacin mutum ya san sa'ar da za a ɗauke da sa'ar da za a kawo.

Karin kumallo ya fi komai arha. Gurasarsu, wadda suke kira aish, wato rayuwa, ƙanwar gurasarmu ce ta Jakara, sai dai ta fi sirantaka kuma tana da aljihu a ciki da ake cusa wa wake. Gwamnati ta daɗe tana sayar wa 'yan ƙasa ita a kan kirshi 5, sai a Yunin 2024 ta mayar da ita kirshi 20, kuma kirshi 100 ne fam ɗaya, wato kuɗin Masar. Wannan rangwame na masu katin tallafi ne, mu baƙi ta kasuwa muke saya, amma ko ita ba ta gagari kowa ba. Na ci da ful, wato dafaffen wake mai faɗi da aka dagargaza da mai da lemun tsami, da kuma ta'amiyya, wadda ƙosai ce sak in ban da ganyen da ya sa cikinta ya yi kore. Gaskiya ba ta kai ƙosanmu ba, babu yaji ko kaɗan.

Ƙaramar bas na shiga zuwa makaranta. Babu kwandasta, kowa miƙa kuɗinsa yake yi ga na gabansa har ya isa hannun direba, canji kuma ya biyo wannan hanya ya dawo ba tare da ko kirshi ya ɓace ba. A wajen sauka ne na ji kunya, domin na tashi da Larabcin littafi na nemi a tsaya, direba bai ko waiwayo ba, sai wani dattijo ya ɗaga murya ya ce “ala gamb ya usɗa”, wato “tsaya a gefe, direba”, nan take motar ta ci birki.

Abin da ya same ni a mota shi ya biyo ni aji. Malamin, wanda kowa ke kira duktur, ya fara da Larabcin da muka sha a zaure, ina bin sa sarai, amma da bayani ya yi zafi sai ya zarce cikin harshen gari, inda jimun take komawa ga, ƙaf kuma ta ɓace ta zama hamza. Na rubuta kalmar dilwa'ti har sau uku a gefen takarda ina zaton wani babban isɗilahi ne na nahawu, sai bayan an tashi wani ɗan Indonesiya ya gaya mini ma'anarta “yanzu”. Wannan gibin nawa ne, kuma ba kuɗi ne zai cike shi ba, sai zama da mutanen gari.

Bayan azahar na nufi wani ofishi domin a buga mini hatimi a takardar da zan nemi iƙama da ita, wato izinin zama a ƙasar. Na yi awa biyu a layi, da na isa taga ma'aikacin ya duba takardar ya ce bukra, wato gobe, ya haɗa da ma'alesh, wato a yi haƙuri. A nan dai babu abin da suka fi mu, sai dai ba wanda ya nemi in ba shi na goro.

Da la'asar na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Ataba, wata unguwa a tsakiyar birni, domin sayen littattafai. Layinsa na farko tun 1987 yake aiki, yanzu layuka uku ne, kuma a Agustan 2024 an mayar da tikitin da bai wuce tasha 9 ba fam 8. Akwai taragu na mata zalla, abin da na san zai kwantar wa Inna da hankali idan maganar karatun Ƙanwata ta taso. Daga Ataba na taka zuwa lungunan da ke bayan Masallacin Azhar, inda shagunan littattafai suke jere ƙofa da ƙofa. Kawu, littattafan da muke yi wa ciniki a Kasuwar Kurmi da yawansu a ƙasar nan ake buga su, saboda haka a nan mutum yana saye ne daga tushe, ba kuɗin jirgi ba na kwastan, kuma idan mai shago ba shi da littafi sai ya aiki yaro ya ɗauko a maƙwabta. A nan na fi kashe kuɗi a ranar, ban kuma yi da-na-sani ba. Da ƙishirwa ta kama ni na tarar ana sayar da zoɓo da tsamiya da ruwan rake, har da ruwan goruba mai sanyi, wanda ban taɓa zaton zan sha shi a kofin gilashi ba.

Inda aljihu yake kuka shi ne nama da abincinmu na gida. Naman sa sai mun yi karo-karo, shi ma ba kowane mako ba. Kuɓewa akwai, lalo kuwa shi ne babbar miyarsu, amma doya da manja da daddawa sai a hannun waɗanda suka taho da su daga gida, da tsadar da za ta sa mutum ya haƙura. Ga kuma canji: a Maris 2024 fam ya faɗo daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, farashin kaya ya bi shi, naira kuwa kun fi ni sanin halin da take ciki, don haka kuɗin da kuka turo sau biyu yake ramewa kafin ya shigo hannuna.

Saboda haka ina roƙon idan an sami mai tahowa, a taimaka mini da kuka da daddawa da yajin Inna, a ɗaure su sosai a leda biyu saboda wari. A gaishe mini da Inna da su Gwaggo da duk yaran gida. Gobe da sassafe zan koma layin hatimi.