Sharhi kan kayan gwajin ruwan famfo na gida, bayan wata uku ana aiki da su

Kunshin da nake magana a kai irin wanda ake sayar wa masu gidaje ne, kuma abu huɗu ne a cikinsa: na'urar TDS mai kama da biro, mai kiyasta yawan ma'adinan da suka narke a ruwa, siraran takardu masu canza launi idan an tsoma su a ruwa, ƙaramin akwatin auna kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) da ƙwayoyin sinadarin DPD masu sauya launin ruwa idan akwai kulorin, sai kwalabe goma na gwajin ƙwayoyin cuta. Na gwada su a kan ruwan famfon ƙaramin gari, irin wanda ake saki na 'yan awoyi a ɗauke, sai kuma bayan kwana ɗaya ko biyu. Hukuncina a taƙaice shi ne, akwatin kulorin da kwalaben nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu, takardun sai an yi taka-tsantsan da su, na'urar TDS kuwa tana iya kwantar wa mutum da hankali a inda bai kamata ya kwanta ba.

Na'urar TDS ce ta fi ɗaukar ido, domin da ka tsoma ta a kofi lamba za ta fito. Amma abin da take ji shi ne yadda lantarki ke ratsa ruwan, sai ta ninka da wani adadi tsakanin 0.5 da 0.7, ta ba ka kiyasin gishirin ma'adinan da ya narke a ciki. Ƙwayar cuta ba ta motsa wannan lamba ko kaɗan. Ruwan da najasa ta ɗan shiga zai iya nuna 90, na rijiyar burtsatse mai lafiya ya nuna 450, wanda bai sani ba sai ya zaɓi na farko. Dalma ma haka: iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata miligiram 0.01 ne a lita, na'urar kuwa daga miligiram ɗaya a lita take fara ƙirga, don haka ko gubar ta ninka iyakar sau goma ba za ta ji ta ba. Abin da Hukumar ta faɗa game da wannan lamba batun ɗanɗano ne, wato ƙasa da 600 ruwa na da daɗin sha, sama da 1,000 ya fara gundurar baki. Amfani ɗaya na gani a tattare da ita: idan lambar da ta saba tsayawa wuri ɗaya ta yi tsalle bayan ruwan sama mai ƙarfi, to wani abu ya sauya, ruwa ba ya tsami banza.

Akwatin kulorin ne zuciyar kunshin. Ana ɗauraye bututun gwajin sau uku da ruwan da za a auna, a cika shi zuwa layin mililita 10, a jefa ƙwayar DPD mai lamba 1 ba tare da yatsa ya taɓa ta ba, a murƙushe ta, a rufe a girgiza. Ruwan zai koma ruwan hoda gwargwadon kulorin da ya rage yana aiki. Sai a ɗaga shi kusa da katin launuka, a bayansa a sa farar takarda, a hasken rana amma a inuwa, a karanta kafin minti ɗaya ya cika. Ma'aunin da ake bi a sarari yake. A wurin tace ruwa ana son aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zuba maganin, muddin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, bai kai 8 ba, a bakin famfon gida kuma kada ya gaza 0.2.

Kurakuran da ke ɓata wannan gwaji kaɗan ne, amma kowa na faɗa musu. Idan aka bar bututun ya yi minti biyar kafin a duba, launin yana ƙara duhu, sai mutum ya ɗauka maganin ya fi abin da yake. Ƙwayar da danshi ya shiga takardarta, ta yi ɗigo-ɗigon baƙi ko ta canza kala, zubar da ita ake yi. Idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, kamar bayan an wanke tanki, launin yakan walƙa ya ɓace nan take, ruwan ya koma fari fat kamar babu komai a ciki, sai an sirka da ruwan da ba shi da magani a sake aunawa. Akwai kuma wani nau'in akwatin mai ɗigon ruwa da ke komawa rawaya. Shi wannan yana haɗa kulorin mai aiki da wanda ya riga ya haɗu da datti ya yi rauni, ya ba ka jimla, don haka bai kai na DPD ba. Hanci ma ba shaida ba ne. Warin magani mai hawa kai sau da yawa daga wannan raunannen kulorin yake fitowa.

Inda za a auna da lokacin da za a auna sun fi kayan awon muhimmanci. A wurare uku na riƙa ɗiba: famfon da ke shigowa kafin ya hau tanki, famfon da ke saukowa daga tanki, da mazubin ruwan sha. Abin da ya riƙa maimaituwa shi ne, mintunan farko bayan an sako ruwa babu launi sam a bututun gwaji, sai bayan kamar kwata na awa ruwan hoda mai haske ya fara bayyana, wajen 0.2 zuwa 0.3. Ruwan da ya kwana biyu a tankin da rana ke dukansa kuwa, sifili. Dalilin na farko sananne ne ga duk mai aikin famfo. Muddin bututu na cike da matsin ruwa, inda ya tsage waje yake tsiyaya. Da zarar an ɗauke ruwa, matsin ya faɗi, sai tsagar ta koma tsotsa, ta jawo duk abin da ke kewaye da ita, ko kwata ce ko tsiyayar masai. Injin tsotso da wasu ke ɗaurawa kai tsaye a kan babban bututu ƙara wannan tsotsa yake yi, ya cuci kansa ya cuci maƙwabta. Gidan da ke ƙarshen layi shi ya fi shan wahala, domin maganin yana ƙarewa a hanya kafin ya iso shi.

Wanda yake ganin wannan ɗan launi wasa ne, ya duba abin da ya faru a Walkerton, wani ƙaramin gari a lardin Ontariyo na Kanada mai mutane kusan dubu biyar. A watan Mayun 2000 ruwan sama mai yawa ya kwaso kashin shanu daga gona ya shigar da shi wata rijiya marar zurfi da garin ke sha. Mutum bakwai suka rasu, sama da 2,300 suka kwanta, sanadin ƙwayar E. coli O157:H7 da wata mai suna Campylobacter. Binciken da mai shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa masu kula da ruwan sun daɗe suna rubuta adadin kulorin a littafi ba tare da sun auna ba. Awon da suka tsallake shi ne wannan na minti biyu.

Kwalaben gwajin ƙwayoyin cuta su ne na biyu a daraja. A cikin kowace akwai busasshen abincin ƙwayoyin cuta da sinadarin ƙarfe. Ana cire rariyar bakin famfo, a goge bakin da bilic, a bar ruwa ya zuba minti biyu zuwa uku, a cika kwalbar zuwa layinta ba tare da an taɓa cikin murfi ba, a ajiye a wuri mai ɗumi da duhu, digiri 25 zuwa 35. Idan cikin awa 24 zuwa 48 ruwan ya koma baƙi kamar tawada, akwai ƙwayoyin da ke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, waɗanda galibi tare da najasa suke tafiya. A ɗaki mai sanyi sakamakon yana jinkiri, kada a yi saurin cewa lafiya lau. Wasu ƙwayoyin ƙasa marasa cutarwa ma suna baƙanta ta, don haka baƙi gargaɗi ne, ba hukunci ba. Dabarar da ta fi amfani ita ce a cika kwalba ɗaya da tafasasshen ruwan da ya huce a ajiye ta gefe. Idan ita ma ta yi baƙi, hannun mai gwajin ne ya gurɓata aikin. A nawa gwajin, ruwan mintunan farko da na mazubin da ake tsoma kofi a ciki su suka yi baƙi, kuma dukansu a ido garau suke, kyan ɗan maciji. Kwalabe goma sun yi kaɗan, wannan ne babban ƙorafina. Ƙa'idar ɗakin gwaje-gwaje kuma ta fi wannan tsauri: kada a sami E. coli ko ɗaya a mililita 100.

Takardun masu launuka goma sha wani abu a jiki ɗaya sun fi yawan alkawari. Murabba'in pH da na taurin ruwa (yawan ma'adinan da ke hana sabulu kumfa) ba laifi, kuma pH na da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ruwan da ya gaza 6.5 yana cin bututu, ya saki ƙarfe da dalma. Cin bututu ne ya saki dalma a ruwan garin Flint na jihar Mishigan a Amurka daga Afrilun 2014, da aka koma shan ruwan kogi ba tare da an zuba maganin hana cin bututu ba. Na naitiret yana da amfani ga garin da ke kusa da gonakin da ake zuba wa takin zamani ko mai masai kusa da rijiya, sai dai a duba da wane ma'auni aka rubuta katin. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya 50 ce, ta Amurka 10, kuma kusan abu ɗaya suke nufi, hanyar lissafin ce ta bambanta. Wanda ya karanta 30 a katin Amurka ya gwada ta da 50 ya yi babban kuskure, musamman idan akwai jaririn da ake dama wa madara da ruwan, kuma tafasawa ƙara yawan naitiret take yi. Murabba'in dalma da na fuloraid kuwa ban ba su amana ba. Bambancin launin da ke tsakanin lafiya da haɗari ya fi ƙarfin ido. Da an buɗe gwangwanin takardun sau da yawa da jiƙaƙƙen hannu, duk sun lalace.

Abu ɗaya babu shi a kunshin, wato ma'aunin laka, alhali laka ce ke ɓoye ƙwayoyin cuta daga magani. Ana son ruwa ya kasance ƙasa da 1 a ma'aunin laka da ake kira NTU, ƙananan garuruwa kuma kada su wuce 5. Ruwan da ya fito fari kamar madara ya washe daga ƙasan kofi zuwa sama cikin mintuna, iska ce kawai. Ja-ja mai ɓata fararen kaya tsatsa ce, daga miligiram 0.3 take fara wannan ɓarna. A sani kuma ganin ruwan hoda a bututun gwaji ba ya nufin an kawar da komai da komai. Ƙwayar Cryptosporidium ba ta jin kulorin, ita ce ta kwantar da mutane kusan dubu ɗari huɗu a Milwaukee a 1993, kuma tacewa ko tafasawa ce maganinta.

Idan sakamako ya fito ba daɗi, gyaran ba ya da wuya. A bar ruwan farko ya tafi wanki ko ban-ruwan shuka, kada ya hau tanki sai launin ruwan hoda ya bayyana a gwajin kulorin. Tanki mai lita 1,000 yana buƙatar mililita 20 na bilic marar turare mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari don ya sami kusan miligiram ɗaya a lita. Jarka mai lita 20 mililita ɗaya, a auna da sirinji, a ninka idan ruwan bai washe ba. A jira minti 30, a auna, idan bai kai 0.5 ba a ɗan ƙara. Bilic na rasa ƙarfi idan ya daɗe ko ya sha zafi, shi ya sa awon ya fi lissafin. Tafasawa kuwa sai ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓulɓula sosai, a kan tsaunin da ya haura mita 2,000 minti uku. Mai matacin gawayi ya lura, gawayi kulorin yake cirewa, don haka ruwan da ya fito daga cikinsa ba shi da sauran kariya, a sha shi a ranar.

Dalma, arsenik da fuloraid sai ɗakin gwaje-gwaje. Samfurin dalma ana ɗibarsa ne daga ruwan farko bayan famfo ya yi aƙalla awa shida a rufe, ba tare da an zubar da komai ba, akasin na ƙwayoyin cuta. Shi na ƙwayoyin cuta a karɓo kwalbar daga wurinsu, mai sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai ta cikin awa shida. Wanda zai saya, ya nemi akwatin DPD shi kaɗai da ƙarin ƙwayoyi ɗari da kwalabe ashirin ko fiye, ya duba ranar lalacewa a jikin takardar ƙwayoyin kanta, domin ta jikin kwali wani lokaci daban take.