Porta Palazzo: tumatirin gaban tebur daban, na cikin leda daban

Duk mai zama a Torino ta ƙasar Italiya ya san ƙa'idar kasuwar nan ta Porta Palazzo: ba ka taɓa kaya da hannu, nunawa kake yi mai kaya ya zaɓa maka. Ban taɓa damuwa da hakan ba sai a ƙarshen watan Agustan nan, lokacin da Italiyawa ke kwasar tumatir akwati-akwati suna dafawa suna ɗurawa a kwalba saboda sanyi. Ni ma na ce bari in sayi nawa in markaɗa in zuba a firiza.

Wani mai tebur a tsakiyar fili ya jera dogayen nan irin San Marzano, jajaye jawur, babu ko tabo. Na nuna na gaba na ce kilo 5. Ya yi murmushi, ya sunkuya bayan tebur ya cika leda, ya ɗora a sikeli, ya ƙulle bakinta kafin in leƙa. Da na isa gida na zazzage a roba, wallahi sai da na zauna. Na saman kaɗai ne masu kyau. Na ƙasa sun yi laushi, wasu sun fashe suna tsiyayar da ruwa mai tsami, har da mai furfura a jiki. Kuɗin ba wani yawa ba ne, rainin ne ya ci mini rai. Baiwar Allahn da ke gabana a layi, da idona na ga daga gaba ya ɗebar mata.

Na so in ce na bar kasuwar ke nan, sai maƙwabciyata 'yar Maroko ta ja ni rumfar manoma da ke bayan ginin nan mai agogo, wanda aka yi tun 1916. Can manoman ƙauyukan Piemonte, yankin da Torino take ciki, ke kawo abin da suka noma da kansu. Kayan ba su da sheƙi, wasu har da ƙasa a jiki, kuma sun ɗan fi tsada. Amma wata tsohuwa ta miƙo mini tumatir ta ce in shinshina, ta bar ni na nuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta cusa mini ganyen faski da seleri kyauta. Rabona da gyara tun ina Kano! A wurinta na sami tattasan Carmagnola, wani gari kusa da Torino, manya masu kauri, sai dai zaƙi gare su, babu yaji ko kaɗan. Miyar ta yi ja da kauri yadda nake so.

To amma fa abin bai bar raina ba. Kasuwar da tun 1835 take ci a wannan fili, ake kuma cewa babu kasuwar fili da ta kai ta girma a Turai, a ce sai ka san wani kafin a sayar maka da abin da ka nuna?

Nama ba matsala, mahautan halal sun cika gefen filin. Attaruhu da kuɓewa kuwa sai shagunan baƙi da ke kewaye, kuma kuɓewar sau da yawa ta tsufa. A ranakun aiki wajen ƙarfe 2 an fara kwashe tebura, ranar Asabar ce ake kaiwa yamma, amma cunkoson ranar ba na mai goyo ba ne.