VPN ko Kullen Saƙo: Wanne Ya Fi Rufa Maka Asiri?

Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, kowa ya ruga ya sauke VPN, wato manhajar da ke ba mutum damar shiga shafin da aka toshe, har wasu suka ɗauke shi tamkar laya mai maganin komai.

Aikinsa ɗaya ne: ya lulluɓe hanyar da ke tsakanin wayarka da kwamfutocin kamfaninsa. In ka hau intanet na otal ko na filin jirgi, mai wurin ba zai ga shafukan da kake buɗewa ba, haka ma kamfanin layinka. Sai dai shi mai VPN ɗin yana ganin duk inda ka dosa. Ka karɓe amana daga hannun wani ka damƙa wa wani ke nan. Na kyautan nan kuwa, masu cike da talla, ni kam ban yarda da su ba. Da me suke biyan ma'aikata?

Kullen saƙo irin wanda WhatsApp ya kammala shimfiɗawa a Afrilun 2016, bisa tsarin manhajar aika saƙo ta Signal, daban yake. Tun daga wayarka ake kulle saƙon, mabuɗin kuma yana wayar wanda ka aika wa. Ko kamfanin WhatsApp ba ya iya karantawa, kodayake ya san da wa ka yi magana. A Telegram ba haka abin yake ba, sai ka buɗe hirar sirri da kanka.

Don hira da iyali ko cinikin kasuwa, na fi son kullen saƙo. Amma ka leƙa saitin wayarka: hirar da WhatsApp ke ajiye maka a Google Drive, wato ma'ajiyar Google ta intanet, ba ta samun wannan kulle sai ka kunna shi da hannunka.