Na'urar da ta maye gurbin kontak a tsohuwar Fijo 404 ɗina: sharhi bayan wata 5

Wata 19 ke nan ina fama da wannan akori-kurar a tsakar gida, Fijo 404 ƙirar 1974 da na gada wajen Baba. Na kankare tsatsar ƙasan bodi, an yi min waldar wurin taka ƙafa, na shimfiɗa sabon katako a baya, na sauke injin na canja ringi da gasket da hannuna. Duk cikinsu babu wanda ya ci min rai kamar kontak, wato 'yan ƙarafan nan biyu a cikin distiributa da ke haɗewa suna rabuwa don fulogi su sami wuta. Wanda ya taɓa riƙe irin motar nan ya san zancen. Ka buɗe distiributa ka daidaita bakin kontak a kan milimita 0.4, mota ta yi lafiya na ɗan lokaci, sai 'yar robar da ke gogar sanda ta cinye, baki ya matse, ta koma tari da safe kamar ba a taɓa ta ba.

Shi ya sa na yi odar na'urar lantarkin nan da ake ta yabo, mai maye gurbin kontak. Kayan ba su da yawa: zobe mai maganaɗisu huɗu da ake zurawa a sandar distiributa ƙarƙashin rota, sai 'yar na'ura da ke zama daidai inda kontak yake, da waya biyu, ja da baƙa. Ja ta tafi ɓangaren + na kwil (abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi), baƙa ta tafi ɓangaren −. Babu ƙarfen da ke taɓa wani, ballantana ya cinye.

Ranar da na ɗaura ta, wallahi na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na sake saita tayimin, don dole ne bayan an cire kontak, na murɗa makulli sau ɗaya ta kama. Injin nan mai cc 1618, wanda yake kishingiɗe a gefe ɗaya yadda Peugeot suka ƙera shi, ya zauna a silo yana numfashi a hankali. Akwai sufana mai lamba 13 da na manta a kan madigadi, da can da tuni ta karkaɗe ta faɗo, ranar ko motsi ba ta yi ba. Na kira Umma ta fito ta saurara, ta ce haka take jin ƙararta lokacin da Baba ke dawowa da yamma. Da a daren na rubuta sharhi, da tauraro biyar zan ba masu na'urar ba tare da na yi tunani ba.

Kwana tara kacal wannan murnar ta yi.

Ina neman inda wutar tirafiketa ta hagu ta katse, ni da ƙanena. Tirafiketa ba ta aiki sai an buɗe makulli, don haka na buɗe na bar shi, injin a kashe, muna bin waya ɗaya bayan ɗaya daga gaba har baya. Mun yi kamar minti arba'in. Shi ya fara cewa, "Yaya, ba ka jin ƙauri?" Na ɗaga bonet na kai hannu kan kwil, na janye da sauri saboda zafi. Na yi kik, injin yana juyawa amma ko alamar kamawa babu. Na zare wayar tsakiya na kusantar da ita jikin injin, ƙanena ya murɗa: ko ƙyas, babu wuta. Na'urar ta ƙone.

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Idan injin ya tsaya a daidai inda na'urar take a kunne, kuma makulli yana buɗe, wuta za ta yi ta ratsa kwil ba hutawa har wani abu ya gasu. Ƙari a kan haka, irin wannan na'urar a injin mai silinda huɗu tana son kwil mai om 3 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta). Na ɗora mita a kan nawa, 1.5 ya nuna, ma'ana wutar da ke bi ta cikinta ta ninka abin da aka yi ta domin shi. To, ina aka rubuta wannan? Takardar da ta zo a kwalin shafi ɗaya ce, da zane guda wanda ba a ma gane wace waya ce ja. Babu zancen makulli, babu zancen om. Layi biyu sun isa su tsare min kuɗina da kwanakina. Mutumin da ke sayen irin wannan kaya a gida yake aiki, kuma rabin aikin tsohuwar mota bin wayoyi ne da makulli a buɗe. Masu ƙera ta sun san haka sarai.

Na rubuta wa mai sayarwa. Amsa ta farko ya ce in turo hoto, na tura. Ta biyu ya ce bidiyo. Ta uku ya ce ai laifina ne, kowa ya san ba a barin makulli a buɗe. Wannan maganar ta fi ƙonewar na'urar ɓata min rai. Idan kowa ya sani, me ya hana ku rubutawa? Sati biyar muna wannan jan-in-ja, na mayar da tsohon kontak don kada mota ta zauna, sannan ya aiko da wata, wai alfarma ya yi min. Na buɗe kwali, takardar nan dai ce, ko wasali ba a ƙara ba.

Tunda na tuno, wayoyin ma gajeru ne, sai da na yi musu ƙari kafin su kai kwil. Robar da ke toshe ramin da suke fitowa ta yi wa distiributata kaɗan, na cike da gam don kada ruwa ya shiga. Sukurorin kuwa laushi gare su, kan ɗaya ya lalace tun ɗaurin farko.

Gaskiya dai ba zan ɓoye ba, ta biyun tana aiki. Na sayi kwil mai om 3, kuma wata huɗu ke nan ban buɗe distiributa ba. Ko da sanyin asuba murɗa ɗaya ce, fulogi suna fitowa da launin ƙasa-ƙasa mai kyau, ba baƙin hayaƙin da na saba gani ba. Tauraro uku na ba su, kuma na ukun ma sai da na yi jinkiri. Duk wanda zai ɗaura, ya auna kwil ɗinsa tukuna, kuma in zai bi wayoyi ya zare jar wayar daga kwil kafin ya buɗe makulli. Ni kam tsohon kontak da kwandensa da ƙaramar sukudireba suna cikin gwangwani a ƙarƙashin kujera, don har yanzu idan na yi nisa da gida zuciyata ba ta gama sakewa da ita ba.