Faiba, kebul ko iska: zaɓen layin intanet na ƙaramar tashar jiragen ruwa

Mai shirin kai intanet da kyamarorin tsaro zuwa guraben jirage a bakin kogi, ko a Yauri ne ko Warra ko wani mashigi na ƙasar Ngaski, kada ya fara da shagon waya. Ya fara da tef ɗin awo da tsohon matuƙi. Ruwan yankin nan ba ya zama wuri guda. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, hawansa da saukarsa sun rataya ga damina da yadda ake sakin ruwa a dam, ga shi Neja sau biyu take kawo cika: farin ruwa na damina, sai baƙin ruwa mai isowa daga can Gini cikin hunturu. Inda aka taka yashi a Yuni, a Oktoba sai da kwalekwale. A nemi sarkin ruwa ya nuna iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi cika, a kafa turke a wurin, a ƙara mita ɗaya sama. Duk akwati da duk mahaɗar waya bisa wannan alamar za su zauna. Idan aikin zai taɓa gadar da jirage ke tsayawa ko gini a cikin ruwa, a fara leƙawa ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, a ji ƙa'idarsu.

Awo na biyu shi ne tazara daga ofis, inda rauta take (na'urar da ke raba intanet), zuwa kan gada. A bi hanyar da waya za ta bi da duk kwanarta, ba yadda tsuntsu ke tashi ba. Wannan lambar ce za ta raba gardama, domin kebul na jan ƙarfe, Cat5e ne ko Cat6, iyakarsa mita 100: 90 a shimfiɗe, 10 na gajerun wayoyin haɗi. Wuce nan sai hoton kyamara ya riƙa tsayawa, layi ya faɗo daga gigabit zuwa megabit 100, wata rana ya ɗauke gaba ɗaya.

Kebul shi ne mai araha, kuma kowane mai haɗa kyamara ya iya shi. Babban amfaninsa waya ɗaya tana ɗauke da saƙo da wuta tare, abin da ake kira PoE: ƙaramin mataki watt 15.4, na tsakiya watt 30, babba 60 zuwa 90. Amma a nan aka fi cutar mai saye. Kasuwa cike take da kebul mai alamar CCA, wato alminiyam da aka yi wa shafen jan ƙarfe. A ido ba ka raba shi da na gaske. Ka ce a yanko maka taƙi ɗaya, ka feɗe sili guda ka kankare da wuƙa: in fari ya leƙo daga ciki, mayar masa da kayansa. Ko ka kara shi a wutar ashana, alminiyam nan take yake lanƙwashewa ya narke, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi baƙi. Kwalin mita 305 na jabu ma ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Illarsa ita ce wuta tana raguwa a hanya, sai kyamara ta yi aiki lafiya da rana, da dare fitilunta na gani a duhu su kunna, ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. Ga shi yana karyewa in ana yawan tanƙwara shi, gada mai iyo kuwa motsi ne aikinta.

Sai riga. Kebul mai launin toka ko shuɗi na cikin ɗaki ne. Ranar Maris da Afrilu a Kebbi tana gasa shi ya tsattsage, ruwa ya shiga ya bi cikin waya kamar tsinken shan lemo har ya ɗigo a cikin suwic, na'urar da wayoyin ke haɗuwa a jikinta. Wanda ake nema shi ne baƙi mai rigar PE, wata roba mai jure rana, wanda aka rubuta na waje ne, in son samu ne mai maiƙo a ciki da ke hana ruwa tafiya.

Abin da ya fi kayar da kebul a bakin kogi shi ne tsawa. Ba sai aradu ta faɗo a kan gada ba, ko a nesa ta sauka doguwar wayar ƙarfe tana kwasar ƙarfinta ta kai shi gida. Hadari ɗaya na farkon damina ya isa ya ƙone suwic, rauta da na'urar adana hoto a dare guda.

A nan faiba ta yi fice. Gilashi ce, wuta ba ta bin ta, nisa kuma ba ya damunta: mai suna OS2 da ƙananan kawunan SFP na gama-gari, waɗanda ke haɗa faiba da suwic, tana kai kilomita 10, balle mita 200. Ita kanta wayar ba ta da tsadar da ake zato, kuɗin yana wurin mai injin haɗawa da na'urorin bakin biyu. In babu mai injin a kusa, a auna sosai a sayi wadda aka riga aka sa wa kawuna daga kamfani, a bar rarar mita 15 zuwa 20. A sayi mai sili 4 ko 6 ko da biyu za a yi aiki da su, ran da ɗaya ya karye sai a koma na kusa. Akwai mai sulken ƙarfe saboda ɓera, sai dai sulken nan yana dawo da matsalar tsawa in ba a haɗa shi da ƙasa ba. Ya fi a ɗauki marar ƙarfe a zura ta cikin bututu. Ba ta son lanƙwasa mai kaifi, kuma ba ta ɗaukar wuta, don haka dole a tanadi wuta a kan gada.

Na uku shi ne iska: faranti biyu masu kallon juna, irin na Ubiquiti, MikroTik ko TP-Link, a zangon gigahaz 5. Babu haƙa, babu bututu, yini ɗaya an gama. Shi ya dace da tashar da ke matsawa tana bin ruwa in ya janye, ko inda kasuwa ta shiga tsakani ba damar tona ƙasa. Sharaɗinsa su ga juna ba bishiya ba rumfa. Wani abu da masu sakawa ke mantawa: fuskar ruwa madubi ce ga sigina, tana mayar da shi ya yi karo da kansa, shi ya sa layin da aka saita da rani kan canza hali in ruwa ya hau. A ɗaga farantan a dogon ƙarfe, a sake duba saitin bayan cika.

Wanda ya fi dacewa da mafi yawan ƙananan tashoshi haɗi ne: faiba daga ofis zuwa akwati ɗaya a kan gada, gajerun kebul daga akwatin zuwa kyamarori, sai Wi-Fi ga jirage. Jan waya zuwa kowane gurbi ɓarnar kuɗi ce. Matuƙi da wayar hannu yake aiki, mai POS ma haka, soket a gindin turke kuwa laka da tsatsa kawai zai tara.

A ɗauki tasha mai gurbi 12, ofis na nesa da mita 140, gada mai tsawon mita 40. Za a buƙaci faiba mita 170, kawunan SFP biyu, suwic mai baki 8 da PoE, kwalin kebul ɗaya, kyamara 3, da na'urar Wi-Fi ta waje guda 2. Suwic ɗin ya zama irin na masana'antu mai jure zafi har digiri 75, domin na ofis a 40 yake tsayawa, akwatin da ke rana kuwa ya fi haka. Akwati ya kasance mai alamar IP65 ko sama, wato mai hana ƙura da ruwa shiga, a yi masa 'yar inuwa, wayoyi su shiga ta ƙasa ta cikin maƙogwaron roba mai matsewa. Kowace waya a sake ta ta yi ƙasa kaɗan kafin ta hau cikin akwati, ruwan da ya biyo ta ya ɗige a gwiwar. Duk ramin da ya rage a toshe, in ba haka ba zanzaro da tururuwa sun samu ɗaki.

Bututu mai kaurin milimita 32 ya isa, a binne shi kamar rabin mita, kada a cika shi fiye da kashi 40 cikin 100, a bar igiyar ja a ciki don gaba. Wayar lantarki bututunta daban, da tazarar santimita 30. Inda ƙasa ta haɗu da gada mai iyo a kan durom, nan waya ke tsinkewa. A sa bututu mai lanƙwasuwa, a bar rarar da ta kai bambancin hawa da saukar ruwa har da ƙari, a ɗaure ta yadda ba za ta shiga tsakanin katako biyu ba, kuma nesa da inda ake jefa igiyar jirgi.

Lissafin wuta: kyamara 3 a watt 10, Wi-Fi 2 a watt 13, suwic watt 10, jimla 66. A yini da kwana kusan kilowatt-awa 1.6 ke nan. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe 2.4, amma na dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato kamar awa 18, dare ɗaya da 'yar rara. Saboda lumshin Agusta da hazon hunturu a sa biyu, da faranti na sola kamar watt 500, a riƙa share masa ƙura. Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, shi kaɗai yana iya cin abin da duk kayan gadar ke ci, don haka inda 4G na MTN ko Airtel ke kamawa da eriya ta waje, a gwada shi tukuna.

Sola a kan gada tana da wata fa'ida da ta fi kuɗi: ba sai an kai volt 230 bakin ruwa ba. Wutar da ta zurara cikin ruwan kogi ta fi haɗari ga mai iyo a kan ta ruwan gishiri, domin jikin mutum ya fi ruwan daɗi saurin ɗaukarta, kuma a mashigi yara na wanka, mata na wanki. In dole sai an kai, a sa makatsar da ke yanke wuta da ta ji yoyon miliamfiya 30, a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a haɗa akwati da na'urorin kare tsawa a jikinta.

Kafin a biya mai aiki cikon kuɗinsa, a sa ya gwada kowace waya da na'urar gwaji a gabanka, ya nuna bakin suwic da faiba ke shiga yana kan gigabit, ya liƙa lamba a bakin kowace waya biyu, ya zana hanyar bututu a takarda. Sannan a watsa wa akwatin bokitin ruwa, a buɗe a duba, a bar kyamarorin su kwana uku a kunne a ga ko akwai wadda ke ɗaukewa bayan magariba.