Gargaɗi ga masu tsofaffin Marsandi a Abuja: hattara da masu "kayan Beljiyam" na waya

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu riƙe da tsofaffin manyan motoci ne, musamman Mercedes S-Class ƙirar W221 da aka ƙera daga 2005 zuwa 2013, wadda a da sai a Maitama da Asokoro ake ganinta, yanzu kuma ta sauko hannun irinmu. Akwai wasu 'yan damfara da ke farautar masu ita ta Facebook da WhatsApp, suna cewa shagonsu na kasuwar kayan mota ta Apo, kuma kwantenarsu ba ta daɗe da isowa daga Beljiyam ba. Sun cuci yayana, da na yi zancen a gareji kuma sai na tarar ba shi kaɗai ba ne.

Ta ƙafafun motar suke shigowa. Wannan Marsandi galibi a kan iska take zaune: kowace ƙafa na da shokozoba mai jakar roba, kwamfireso yana hura musu iska, tsarin da kamfanin ya sa wa suna Airmatic. In robar ta tsufa sai ta tsattsage ta fara yoyo. Ka ajiye mota lafiya lau da dare, da safe ka tarar ta durƙusa kamar raƙumi. Sabuwar shokozoba kuwa kuɗinta ba na wasa ba ne, shi ya sa duk wanda ya ce maka yana da ita a rabin farashi sai ka ji zuciyarka ta karkata.

Za su turo maka bidiyon kaya jere a kanta, su ce, "Alhaji, saura biyu, wani ma na hanya." Sai su nemi kafin alƙalami, a asusun da sunansa daban da na shagon. Daga nan yaronsu ya zo ya ɗauki motar, washegari ya dawo da ita tsaye cak. Abin da aka yi a ɓoye shi ne: an ciro taka tsohuwar, an wanke, an liƙe wurin yoyon da gam, an fesa baƙin fenti, an mayar. Saƙon gargaɗin da ke fitowa a gaban direba kuma an goge shi da kwamfuta. Motar za ta yi 'yan kwanaki tana tsaye, domin kwamfireso yana ta aiki ba hutu don cike iskar da ke zurarewa, har ya ƙone. Abin takaicin ma, in ka kira su sai su ce ai dama kwamfiresonka ne ya mutu, kuma suna da na Beljiyam. Wasu sun sake biya.

Ba ina cewa duk ɗan Apo macuci ne ba. Akwai ƙwararrun makanikai masu amana a can, kuma su ma waɗannan mutane sunansu suke ɓatawa. Amma kada ka tura ko sisi sai ka taka ƙafa ka ga shagon, ka tambayi maƙwabtansa. Ka ba da lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, a duba maka kayan da ya dace da motarka. Kafin a kwance komai, ka sa ƙusa ka yi wa tsohuwar shokozoba alama a wani lungu, ka ce a dawo maka da ita a hannu. Bayan an ɗaura, a fesa ruwan sabulu a kai da mahaɗar tiyo, in akwai yoyo kumfa zai tashi. Ka auna tsayin motar daga ƙasa da yamma, ka sake aunawa da safe, sannan ka biya ciko, a ba ka rasit mai sunan shago.

Su dai waɗannan mutane kan ce bari su canza maka man giya kyauta. Ka ƙi. Giyar 7G-Tronic, wadda ke cikin yawancin irin wannan mota, tana da manta na musamman, ja mai lamba 236.14 a tsofaffi, shuɗi mai lamba 236.15 a na baya-bayan nan, kuma ba a musanya su.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu, ya sanar da bankinsa nan take, ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC ko hukumar kare masu saye ta FCCPC. Ya kuma nuna wa shugabannin ƙungiyar kasuwar lambar wayar da hotunan, domin sau da yawa shagon da ke cikin bidiyon na wani bawan Allah ne da bai ma san ana yi ba.